Sabo: Turke Ne Ko Tsani?

Duk malamin da ya taɓa koyar da Turanci a ajin ƙarshe na sakandare, a Kano ne ko a Zariya ko a Gusau, ya san ranar da darasi ke zuwa kan "used to". Yakan jera jimloli uku a allo, wata ƙarƙashin wata: "I used to wake up early", sai "I am used to waking up early", sai kuma "I am getting used to waking up early". Ya karkaɗe ƙurar alli daga hannunsa, ya juyo ya ce, "To, wa zai faɗa mana bambancinsu?" Aji ya yi tsit. Can sai wani daga kujerun baya ya ɗaga hannu: "Malam, ai duk abu ɗaya ne, mutumin dai mai sammako ne." Malam ya girgiza kai, ya ɗora tsinin alli a kan jimlar farko ya ce, "Wannan da kake gani, tuni ya bar sammako."

Haka abin yake. Jimlar farko tana nufin a da yakan yi sammako, yanzu kuwa ya daina. Ta biyu tana nufin sammako ya zame masa jiki, ba ya jin nauyinsa. Mai jimla ta uku shi yana hanya ne, yana kokawar sabawa, har yanzu idan ladan ya yi kiran farko sai ya ji kamar an ɗaure masa ido da igiya. A ta farko aikatau tsurarsa ke biyo baya, a sauran biyun kuwa sai suna, ko aikatau mai ɗafin "ing" wanda ya koma sunan aiki. Akwai kuma "would", da ake ba da labarin ayyukan da aka riƙa maimaitawa a da, kamar a ce kaka takan tara jikoki bayan sallar isha ta yi musu tatsuniya. Sai dai ita ba ta ɗaukar yanayi irin na zama a wani gari ko mallakar wani abu. Wannan sai "used to". A kan waɗannan ƴan ƙa'idoji ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawar WAEC da JAMB.

Tuntuɓen da ya fi yawa shi ne "I use to go", wanda ɗalibi ke nufin "nakan je". Dalilinsa a fili yake. Hausa tana da ƴar kalmar nan "kan", wadda masana nahawun Hausa ke kira lokaci sabau, kuma ba ta ɗaure da jiya ko yau. "Yakan je gona" na iya zama labarin bara, yana iya zama na bana. Sai an sa "a da" kafin mai sauraro ya san an bari. Da wannan kai ɗalibi ke shiga Turanci, sai ya tarar an toshe ƙofar yanzu an bar ta da kawai. Ba kuma haka Turancin ya taso ba. Kalmar "use" ta shigo ne daga Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, asalinta kuwa Latin. A zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, ƙarni na 16, Baturen Ingila yakan yi amfani da ita don faɗin abin da ya saba yi a yanzu, daidai yadda yaron Gusau ke yi. Daga baya wannan siga ta bushe ta faɗi, aka bar "usually" tana riƙe da gurbinta.

Larabci ma yana da tasa hanya, wato a kawo "kana" a bi ta da aikatau mai ci. Da wannan siga sahabbai suka ruwaito ɗimbin abubuwan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yi, shi ya sa ta zama abin tattaunawa a wurin malaman usulu: shin duk inda aka ce ya kasance yana yin abu, kullum ke nan yake yi? Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya rinjayar a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa ba lallai ba ne. Ya kafa hujja da maganar Nana A'isha cewa ta kasance tana shafa wa Annabi turare idan ya fita daga harami kafin ya yi ɗawafi, alhali hajji ɗaya rak ya yi tare da ita, wato hajjin ban-kwana. Ke nan sanin yadda harshe ke faɗin sabo na iya taɓa hukunci, ya raba sunnar da aka dawwama a kanta da abin da aka yi sau ɗaya.

A Hausa kuma akwai wani abin lura. Kalmomi uku ne suke zaune kusa da juna kamar ƴan ɗaki ɗaya. Akwai sabo, kishiyar tsoho. Akwai sabo na sabawa, wanda karin sauti kaɗai ya raba shi da na farko, murya ta sauka a gaɓar farko. Sai saɓo, wanda ƙugiyar baƙi ɗaya ta mayar da shi laifi tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kowane saɓo ya taɓa zama sabon abu a wurin mai shi, ranar da gabansa ya faɗi kafin ya aikata, sannan yau da gobe ta mayar da shi sabo. Haka kowace ibada ta taɓa zama sabuwa mai nauyi. Daga nan tambayar take tasowa: idan sabo na sa mutum ya yi abu ba tare da tunani ba, wane ne mai aikin, mutumin ko sabonsa? Ladan na wa, laifin kuma na wa?

Bahaushe ya ba da amsa biyu, kuma suna karo da juna. Ya ce hali zanen dutse, ya kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta farko ta rufe ƙofa gaba ɗaya, ta biyu ta bar ta a buɗe ga yara kaɗai. Imamu Gazali, wanda aka haifa a Ɗus a 1058 ya rasu a 1111, bai yarda da ko ɗaya ba. A cikin Ihya'u Ulumid Din, a littafin horar da zuciya, ya bayyana hali da cewa wani yanayi ne da ya kafu a zuciya, wanda ayyuka ke ɓuɓɓugowa daga gare shi a sauƙaƙe ba sai an tsaya nazari ba. Ya ƙalubalanci masu cewa hali ba ya canzawa: in da haka ne, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk aikin banza ne. Ana horar da shaho ya zauna a hannun mai shi, ana horar da doki mai tutsu ya bi linzami, ta yaya za a ce ɗan Adam ne ba ya horuwa? Hanyar da ya nuna ita ce ta mai koyon rubutu, wanda ke tilasta wa hannunsa kwaikwayon kyakkyawan rubutu kwana da kwanaki, har abin da ya fara da ƙaƙale ya zama ɗabi'a. Mai son ya zama mai kyauta, in ji shi, sai ya riƙa bayarwa ko da zuciya na ƙi, har ranar da bayarwar za ta yi masa daɗi. Fiye da shekara 1,300 kafin shi, Aristotil na Girka ya faɗi makamancin haka: da gini ake zama magini, da aikata adalci ake zama adali.

Gazali bai ɓoye ɗaya fuskar ba. Ya kawo ɗan caca da ke jin daɗin cacarsa ko da ta cinye dukiyarsa ta rusa gidansa, da mai wasa da tantabaru da ke yini tsaye a rana bai san zafinta ba, idonsa na sama yana kallon yadda suke shawagi. Sabo bai zaɓi abin da zai sauƙaƙa ba. Abin da aka ba shi yake ɗauka.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun gwada auna tsawon wannan hanya ta sabawa. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a Kwalejin Jami'a ta Landan sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi da mutum 96. Kowannensu ya zaɓi wani ƙaramin abu da zai riƙa yi kullum har mako 12, kamar shan ruwa lokacin cin abincin rana ko gudun minti 15 kafin na dare, yana kuma rubuta yadda abin ke zame masa jiki. Matsakaicin lokacin da aka samu kwana 66 ne, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan ya karya maganar da ta daɗe tana yawo cewa kwana 21 sun isa a kafa kowace ɗabi'a. Wanda ya yi wata guda yana fama da tashin asuba bai ji sauƙi ba, babu dalilin da zai yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai iyawa ba ne.

Najeriya ta taɓa yin irin wannan gwaji da ƙasa sukutum. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka bar tuƙi a hannun hagu aka koma dama, don a dace da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomi. Direban da ya shekara ashirin yana bin hagu ya ji sanarwa a rediyo, ya kuma yarda da doka, amma idan ya sha kwana a hanyar da babu kowa, hannunsa ne ke neman mayar da shi inda ya sani. Sai ya riƙa tuƙi da dukkan hankalinsa kamar ɗan koyo. Bayan wata tara, ranar 1 ga Janairu 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Hannun direba ya saba da dama, domin kuskure a kan titi rai yake ci. Baki kuwa bai yi gaggawa ba: shekaru da yawa bayan haka ana ciniki a kasuwa ana cewa fam ana nufin naira 2, sule kwabo 10, jaka naira 200. Inda barin tsohon sabo ya zama dole an bar shi, inda babu dole aka ci gaba da jan sa.

A nan amsar tambayar take. Cikin jimlolin nan uku na kan allo, ta ukun ce ke ɗauke da nauyin mutum. Lokacin da yake sabawa, idonsa biyu. Yana jin ɗacin abin ko zaƙinsa, yana iya ci gaba, yana iya juyawa. Da zarar sabo ya kafu, zaɓin ya ragu ƙwarai, amma wanda ya kafa turken shi ne dai wanda aka ɗaure a jikinsa. Saboda haka mai cewa "haka na saba" bai kawo uzuri ba, labarin ɗaruruwan ƙananan zaɓuɓɓukan da ya yi a baya ya bayar. Haka mai alherin da ba ya jin wahalar alherinsa bai yi asarar lada ba, domin sauƙin da yake ji yau da guminsa na jiya ya saye shi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya ajiye kowa a matsayinsa: gwanin karatun Alƙur'ani yana tare da mala'iku masu daraja, wanda kuma yake karantawa yana in'ina, abin na yi masa wuya, lada biyu gare shi. Malamai sun bayyana cewa ladan biyun ba ya nufin ya wuce gwani. An dai ga wahalarsa an biya shi a kanta.

Shari'a ta san ƙarfin sabo, shi ya sa ta bi shi a hankali. Giya ta shiga jinin Larabawa, sai haramcinta ya zo daki-daki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta nuna cutarwarta ta fi amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, wanda ya tilasta wa mai sha ya riƙa lissafin lokaci sau biyar a yini. Sannan aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yanke magana. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yana zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha sai aka ji mai shela, aka ce ya fita ya zubar, har ta riƙa gudana a lungunan Madina. Nana A'isha ta yi bayanin hikimar, cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba har abada. Haka kuma aka umarci iyaye su sa yara salla tun suna da shekara 7, tun kafin ta wajaba a kansu, domin ranar da ta wajaba ta tarar da jiki ya riga ya san hanya.

To amma tsanin nan da ake hawa da shi yana iya zama turke. A dubi dattijo a bakin masallaci da butarsa. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya fyace, ya wanke fuska da damatsa, duk a jere ba kuskure, alhali yana sauraren wani na faɗa masa farashin masara. Hannun ya yi alwala dubbai, ba ya buƙatar jagora. Wannan ni'ima ce, kuma a cikinta haɗarin yake, domin mutum na iya yin raka'a huɗu ya yi sallama bai tuna surar da ya karanta ba. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce babban aikin niyya shi ne raba ibada da al'ada. Wankan janaba da wankan jin zafi ruwa ɗaya ne, mai azumi da wanda likita ya hana ci yunwa ɗaya suke ji; abin da zuciya ta ƙudurta ne ya raba su. Niyya ita ce wurin da ake neman mutum ya farka ya tsaya a kan aikinsa, ko da jiki ya iya aikin shi kaɗai.

Sauya alƙibla ya gwada wannan a fili. Wata 16 ko 17 Musulmi suka yi a Madina suna fuskantar Baitul Maƙdis, har jiki ya saba, sai umarni ya zo a juya zuwa Ka'aba. Aya ta 143 ta Suratul Baƙara ta bayyana abin a matsayin jarrabawa mai nauyi. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa mutanen Ƙuba suna cikin sallar asuba labari ya iso musu, suka juya a cikin sallar ba su jira sallama ba. Da sabo suke bautawa, da juyawar ta gagare su.

Akwai kuma sabon da ba a ma san an yi shi ba, wanda ya fi kowanne ban tsoro. Ranar da mutum ya fara miƙa na goro don a tsallake da shi layi, yakan waiga ko wani na kallo. A karo na hamsin ko gaisawar ba ta katsewa. Wanda ya fara jin labarin an sace mutane a hanya yakan kasa cin abinci, bayan shekaru kuwa yana iya ji ya ci gaba da hirarsa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya kwatanta wannan da baƙin ɗigo da ke sauka a zuciya duk lokacin da aka yi zunubi, wanda tuba ke gogewa, naci kuma ke ƙara shi har ya rufe ta. Shi ne tsatsar da aya ta 14 ta Suratul Muɗaffifina ta ambata. Ni'ima ma haka take dushewa a ido. Mai lafiya ba ya jin numfashinsa, mai uwa a raye yana iya mako bai leƙa ɗakinta ba, sai ranar da aka ɗauke ta ya gane abin da ake nufi da cewa sabo ake yi wa kuka.

Jimlar farko ta kan allo, wadda ɗalibi ya ɗauka labarin mai sammako ce, ita ce jimlar mai tuba, ita ce kuma ta mai ja da baya. "A da nakan sha" da "a da nakan tashi da dare" ginin nahawunsu ɗaya. Dukansu shaida ne cewa zanen dutsen yana kankaruwa, ta alheri ko ta akasinsa. Annabi ya taɓa gargaɗin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi da kada ya zama kamar wani mutum da ya kasance yana tsayuwar dare sannan ya bari. Shi kuwa Abdullahi matsalarsa zafin nama ce: saurayi ne mai ƙarfi, yana azumi kullum, yana raya dare gaba ɗaya. Annabi ya yi ta rage masa, yana tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ya ba shi shawarar azumin kwana uku a wata. Abdullahi ya ce zai iya fiye da haka, aka yi ta ƙarawa har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha, da saukar Alƙur'ani a kwana bakwai.

Da tsufa ya zo, ƙarfi ya ragu, Abdullahi ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Duk da haka bai yarda ya zama mai cewa "a da" ba. Buhari ya ruwaito cewa yakan karanta wa wani daga iyalinsa kason Alƙur'anin da zai yi da dare tun da rana, don ya zo masa da sauƙi idan ya tsaya. In kuma rauni ya kama shi, sai ya sha ruwa na wasu kwanaki yana ƙirgawa, idan ya sami ƙarfi ya azumci adadinsu, domin ba ya son ya bar abin da suka rabu da Annabi a kansa.